Ranar da Kakana Ya Ce "Ranka Ya Daɗe"

Ƙanshin tumu da na ji jiya a bakin tasha shi ya mayar da ni zauren kakana, a ƙauyenmu da ke bayan Tafoki. A nan muke gasa sabon gero idan damina ta ja baya, a nan kuma muka koyi yadda ake kiran mutane.

Kada ka ɗauka zaunar da mu yake yi ya ba mu darasi. Sai ka yi kuskure tukuna. Na taɓa shigowa da gudu na ce wani tsoho na sallama. Kakana ya ajiye igiyar da yake tufka.

"Mi ka ce? Jaki ake ce ma tsoho. Mutum dattijo ne."

A bakinsa baƙo bawan Allah ne. Kakata kuwa har ta koma ga Mahaliccinta ban ji ta kama sunansa ba, Malam take cewa. Mu jikoki kaɗai ke da damar tsokana. Nakan ce masa ɗan tsoho mai ƙwace mini mata, ya kai mini duka da hula yana dariya.

Na girma har na yi aure lokacin da abin ya iso mu. Muna yankan dawa da hantsi, shanun huɗarmu na ɗaure a gefen gona, babura suka ɓullo daga daji. Aka ce kowa ya kwanta. Wani yaro da ko gemu bai fara ba ya tsaya kan kakana, ya kira shi da sunansa tsirara, sunan da ko sa'o'insa sun daina faɗa.

"Tashi ka kwance shanun nan!"

Kakana ya dafa ƙasa ya miƙe, ya rusuna.

"To, ranka ya daɗe."

Ina kwance tsakanin kunyoyi, ƙasa a bakina, ban ɗaga kai ba. Suka kora shanun huɗa suka tafi. Tun daga ranar kakana bai sake shimfiɗa buzunsa a zaure ba, kuma bai ga wata damina ba.

Yanzu muna zaune a Faskari, a ɗakin aro. Ba mai cewa ɓarayi, don ba ka san wa ke ji ba. Kwanan baya ɗiyata ta tambaye ni su wa suka raba mu da gida. Na dubi ƙofa, na sassauta murya.

"Manya ne," na ce.

Ta gyaɗa kai ta koma wasanta. Na san ta riƙe.