Tukunyar Iri da Filash ɗin Yaya Hadiza

A gidanmu na Sandamu, idan sanyi ya shigo, Kaka Ladi takan hura kara a bakin ɗakinta bayan isha'i, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Kullum ni ke fara kai hannu tun gyaɗar ba ta gasu ba. Sai ta buge mini yatsu, ta ce wannan maigidan nata gaggawa ce za ta kashe shi ya bar ta da takaba.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wata mata ce tulunta ya fashe, ga baƙi a hanya. Ta duba ɗaki, babu abin ɗebo ruwa sai tukunyar da ta adana irin gero. Ta juye irin a tabarma, ta ce yanzu za ta dawo ta kwashe. A rijiya hira ta yi daɗi. Zabi suka shigo suna waƙa, suka tsince shi tas. Kaka takan rera waƙar da hanci har mu faɗi don dariya. Da damina ta sauka kowa ya fita shuka, matar ta zauna da tukunyarta cike da ruwa.

"Ruwa dai ta samu," in ji Kaka. "To, ta shuka shi mu gani."

A shekararta ta ƙarshe, yayata Hadiza, wadda ke aure a Mai'adua, ta ɗauki muryarta a waya, tatsuniya bayan tatsuniya. Da za ta sayar da wayar, ta sa aka zuba su a filash ta kawo mini, wai ni ne mai kwamfuta, wurina sun fi tsira.

Ina da shagon buga takardu a Daura, da wata tsohuwar kwamfuta mai nauyi kamar jakin da ya sha kaya. Ran nan mutane suka cika benci, ita kuwa ta ƙi motsi. Maƙwabcina Emeka, mai sayar da kayan lantarki, ya ce akwai dabara. Idan na soka filash, na umarci kwamfutar ta riƙe shi a matsayin ƙarin ƙwaƙwalwa, za ta ɗan saki jiki, amma tana son wuri a cikinsa. Sau biyu ya ce mini in fara kwafe abin da ke ciki. Ba zan ɗora masa laifi ba.

Filash ɗaya ne a aljihun tebur, kuma cike yake. Na san abin da ke ciki. Kwafewa za ta ci minti ashirin, wani malamin makaranta yana ta duba agogo. Na ce wa kaina ai Yaya ba za ta rasa wani kwafin ba, alhali da bakinta ta gaya mini babu. Na danna gogewa.

Kwamfutar ta ɗan ƙara sauri, kaɗan. Kafin lokacin girbi, kwamfutar ta mutu gaba ɗaya.

Shekara guda ina yi wa Yaya ƙarya. Yau filash yana shago, gobe na manta makulli. Da ta zo sunan ɗana, ta ce 'yarta Ladi, mai sunan Kaka, tana son jin muryar takwararta. A nan na faɗa mata gaskiya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta gyara goyonta ta ce, "Sani, kai ka ji ta da kunnenka. Ladi ba ta riske ta ba, sai ka ba ta da bakinka."

Na zaunar da yarinyar na fara. Tulu ya fashe, an juye iri, zabi sun shigo. Ta ce in yi mata waƙar zabin. Na buɗe baki, ban sami ko baiti ɗaya ba. Sau ɗari na ji ta, amma duk lokacin da Kaka ke rerawa, idona yana kan gyaɗa.

Filash ɗin yana nan a aljihun tebur. Lafiyarsa ƙalau, wuri ne a cikinsa har ya yi yawa.