Takardun Matuƙin Jirgi a Rumfar Kifi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, zamanin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Lokacin ni ce shugabar masu shara a wani gidan saukar baƙi a Yelwa. Sama da ni akwai akawu, Malam Garba, mai ikon ɗauka da kora. Ban yi boko ba, amma idona ba ya wuce ƙura. Ku da kuka yi aiki ƙarƙashina kun san dokata: abin da ke kan tebur na baƙo ne, abin da ke ƙasa shara ne.

Baƙon ɗaki na huɗu wani ɗan Ngaski ne mai suna Sani, ya koyo tuƙin jirgin sama a ƙasar waje. Sai daga baya aka fahimtar da ni lamarinsa. Lasin da ya samo can ba ya aiki nan sai an canza shi a Legas: a duba lafiyarsa, ya rubuta jarrabawa, ya tashi da jirgi gaban mai gwaji. Daga nan ya yi ta tara sa'o'i a sama kafin ya nemi babban lasin na jan jirgin fasinja. Shaidar duk wannan littafi ɗaya ce, inda ake rubuta kowane tashi, malaminsa ya sa hannu. Tashin da ba ya cikin littafin, kamar ba a yi shi ba.

Ashe ya je sallamar mahaifiyarsa ne, ruwa ya dake su cikin kwalekwale, littafin ya jiƙe har ɗinkin ya saki. Ya shimfiɗa shafukan a ƙasa su sha iska, ya fita neman motar Legas.

Na shiga da tsintsiya, na ga takardu ko'ina. Na duba ko akwai rubutun Arabiyya, don wannan ba a wulaƙanta shi. Babu. Na tattare su ina faɗan ƙazantar 'yan boko, na kai wa Ta-Wara mai bandar kifi a kasuwa. Dama ita muke ba tsofaffin takardu ta naɗe kifi, ta ɗan sammana na miya.

Bayan azahar muka ji kuwwa, Sani ya dawo bai ga takardunsa ba. Malam Garba ya tara mu a tsakar gida.

"Wa ya shiga ɗaki na huɗu?"

Ni da nake tsare mutum kan cokali ɗaya, bakina ya ƙi buɗuwa.

Malam Garba ya juya ga Baba Ɗanjuma maigadi. "Kai ad da ƙofa. In ba ka san wa ya fita da su ba, mi kake tsaro? Tattara tabarmarka."

Baba ya ga fitata da ƙunshin nan da idonsa. Ya dube ni sau ɗaya, ya duƙa ya fara naɗe tabarma.

Sai Sani ya matso. "Inna Hajo, an ce ko allura ba ta faɗuwa gidan ga ba ki sani ba. Don Allah, ba ki ga komi ba?"

Na ce, "Ni ce. Suna kasuwa."

Muka tafi, shi gaba ni baya, kaina a ƙasa. Ta-Wara ta hango mu ta ce, "A'a, Hajo, yau har da rakiya? Kifin bai isa ba?" Da ta ga fuskarmu ta bar wasa, ta ɗaga kwando. Yawancin shafukan na nan, wasu da man kifi. Uku sun riga sun tafi da wasu masu saye 'yan Shanga, ba wanda ya san sunansu. Kuma su ne masu shaidar doguwar tafiyar da ya yi shi kaɗai cikin jirgi.

A Legas aka ce ba a gwada shi sai shafukan sun cika. Ya rubuta wa makarantarsa ta waje, ya zauna jira har wata daminar ta kusa, abokansa suka wuce shi. Ko sau ɗaya bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Inna, ni na sa su ƙasa." Da mari ya yi mini, da ya fi sauƙi.

Washegarin abin na je na durƙusa gaban Baba Ɗanjuma. Ya ce, "Tashi, Hajo. Na san za ki yi magana. Daɗewar ce ta ba ni mamaki."

To ku ji, masu tasowa. Aikinmu shiga ɗakin mutum ne bayan idonsa, kuma hannu yakan yi kuskure, a gyara. Sani ya sami takardunsa daga baya, ya ja jirginsa. Amma tsohon nan ya naɗe tabarmarsa gabana ina kallo, wannan kuwa babu makarantar da za a rubuta wa ta aiko da gyaransa.