Dutsen Serafima

Shekara talatin da ɗaya Serafima Nikandrovna ta yi tana wanke duwatsu a tashar masu bincike da ke gaɓar Farin Teku. Jirgin tashar yakan kwaso su daga ƙasan ruwa a juye mata a baho, ita kuma ta tsoma hannu cikin ruwan da ke yankan fata, tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Wani farin ɓawo take nema, wanda jahili zai kankare ya yar. Amma in aka sa shi a madubi mai ƙara girman abu, sai ka ga ƙananan halittu dubbai, kowacce da ɗakinta kamar saƙar zuma. Aji bakwai kawai Serafima ta yi, amma ta fi masu digiri sanin su, kuma ita ke zana su.

Yayarta Glafira, mai busar da kifi, ba ta taɓa raga mata ba.

"Ke Sima, mata na auren maza, ke kin auri gansakuka! Yaushe za a yi suna?"

"Rufe mana baki, uwar wari. Naki mijin me ya tsinana?"

Wata rana ta ɗaga wani dutse, ta ga irin da ba ya cikin kowane littafi. Ta kai wa Farfesa Ozerov, mai zuwa daga birni duk bazara. Ya duba, ya sake dubawa.

"Serafima Nikandrovna, wannan sabo ne fil! Da sunanki za a kira shi, na yi alkawari."

A al'adar masanan, sabon iri ba ya samun suna sai an buga shi a littafi, kuma sunan da aka buga ya zauna ke nan har abada. Serafima ba ta da ɗa, ba ta da jika. Ta ɗora ranta kacokan a kan wannan alkawari. Wata huɗu ta yi tana zana halittar da bakin allura, har idanunta suka soma yaji. Shekara tara ta jira. A cikinsu ganinta ya dusashe, tashar ta sallame ta da takardar yabo da kwalin shayi.

Littafin ya iso a jirgin wasiƙu, farfesan bai ko sa 'yar takarda a ciki ba. Serafima ta rungume shi har gidan Glafira.

"Yaya, goge hannunki ki karanta mini. Nemo zanena."

Glafira ta buɗe, ta yi ta juyawa har ta ga zanen. Ta bi layin da ke ƙarƙashinsa da yatsa. Ta koma farkon layin ta sake bi.

"Karanta mana!"

"Sima, sunan jirgi suka sa. Wai don girmama jirgin da ya kwaso dutsen."

"Duba ƙasa. Wa suka ce ya zana?"

"Sun ce ma'aikatan tasha."

Serafima ta karɓi littafin. Ta shafa shafin da yatsunta da suka karkace saboda sanyi, ba ta ji komai ba sai santsin takarda.

"Ya fito da kyau kuwa?" ta tambaya.

"Da kyau ƙwarai."

"To, aƙalla ke kin gani."