Tururuwar Iya a Allon Malam Yohanna

Ni ban yi dogon karatu ba. A aji biyu na sakandare aka tsayar da ni, ba kuma wanda ya tambaye ni ko ina so. Amma akwai abu ɗaya a ilimin lantarki da na riƙe kam-kam, kuma a bakin kakata na fara jin sa, tsohuwar da ko ƙwan fitila ba ta yarda ta taɓa.

Iya muke ce mata. Ƙosai take soyawa a ƙofar gidanmu a Panshekara saboda ma'aikatan masana'antun Challawa. Bayan magariba, kafin jiniyar masaƙa ta sako su, akwai ɗan lokacin da kasko ke kan wuta babu mai saye. Nan muke zagaye murhu, hayaƙi na cin idonmu, ba mai matsawa. Sai ta ƙwanƙwasa gefen kasko ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" Mu haɗa baki, "Ta sauka a nan!"

Wadda ta fi zama mini ita ce ta tururuwa. Wai tururuwa ta addabi garin dabbobi, ta kwashe geron kowa. Zaki ya rantse duk wanda ramin yake gidansa sai ya bar garin. Kowa ya nuna Bushiya, don ta dangarta ake ganin su suna fitowa baƙi ƙirin. To amma gidajen duk na matan aure ne, ba shiga, ko Zaki bai isa ya leƙa ba.

Na ce, "Iya, a aika mace mana."

Ta ce, "Kai mijin banza, ko cefane ba ka yi, sai tsari! Matan garin duk bakinsu ɗaya, wace ce za ta tona wata? Rufe mini baki."

Sai Malam Hawainiya ya ce shi ba sai ya shiga ba. Da sassafe, lokacin da tururuwa ke fita kiwo, ya bi dangar Bushiya a hankali, ido ɗaya na ƙirga masu shiga, ɗayan na ƙirga masu fita. Da ya zagayo ya ce, "Baiwar Allah nan hanya kawai aka yi ta gidanta. Duk wadda ta fito ta gabas, ta yamma ta shiga." A gidan Zabuwa ya tarar ana shiga ba a fitowa, ya ce, "Nan akwai mai ci a ciki." Da ya zo gidan Kurege kuwa, ta ko'ina fita ake yi.

A nan Iya take miƙewa tsaye, mu ma mu miƙe. Kurege ya tumɓuke dangarsa ya kafa ta can nesa, ya lanƙwasa ta nan, ya karkata ta can, don tururuwar ta warwatsu. Ta kuwa warwatsu, ɗaiɗai ake gani. Washegari Hawainiya ya sake zagaye, ya daɗe, ya dawo da lissafin jiya cif. Iya ta ce, "Ja dangarka har Makka, ɗan nema, ramin yana ciki!" Mu yi ta ihu muna tsalle har jiniya ta katse mu.

Da na girma, masaƙar ce ta ɗauke ni, aka jefa ni ɗakin rini. Hannuna ya saɓule, ƙirjina ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Hanyar fita ɗaya ce: ka ci jarrabawar ajin yamma a mayar da kai sashen lantarki. Na taɓa faɗuwa, kuma ba a ba mutum dama ta uku.

Malaminmu wani mutumin Jos ne, Malam Yohanna. Ran nan ya ɗiga ɗigo a allo ya ce cajin lantarki ne, ya zana kibiyoyi suna fita daga jikinsa ta ko'ina, ya kewaye shi. Ya ce mu ɗauka kewayen rufaffe ne sama da ƙasa, kamar ƙwarya da murfinta. Ka ƙirga kibiyoyin da suka huda suka fita, ka cire waɗanda suka shiga, abin da ya rage shi zai gaya maka yawan cajin da ke ciki. Girman ƙwaryar ko siffarta ba ruwansu. Cajin da ke waje kuma ba ya cikin lissafi, don kibiyarsa ta shiga ta nan ne ta fice ta can.

Ban san lokacin da na buga tebur ba. "Bushiya! Wallahi Bushiya ce!"

Aji ya fashe da dariya. Malam ya ce, "Ɗan'uwa, rinin ya hau maka kai ne?" Na ba shi labarin a tsaye, ina haki. Ya ce, "To idan ramuka biyu ne?" Na ce fitar ta ninka. Ya ce, "Caji mai alamar ɗebewa fa?" Na ce Zabuwa kenan, shiga ake yi ba fita. Ya miƙo mini alli ya ce, "Zo ka zana mana dangar."

A guje na kai wa Iya labari, na ce tururuwarta tana cikin littafin Turawa. Ba ta ko ɗago daga kasko ba. Ta ce, "Allah sarki, su ma ta dame su kenan."

Na ci jarrabawar. Waɗanda na bari a ɗakin rini, da yawansu tari ya kai su ƙasa, ni ga ni ina numfashi. Masaƙar dai ta mutu, yanzu fanka nake gyarawa a Dorayi. Kullum a bakin shagona sai wani ya ce daga waje aka kashe mana ita, atamfar ƙetare ce, kaza ne, kaza ne. Ban ce ƙarya suke ba. Amma ni na yi shekaru ina wuce ƙofar masaƙar nan da idona biyu a buɗe. Ban taɓa shiga ofishin manya ba, mu ba ma shiga. Na dai ga abin da ke shiga, na ga abin da ke fita, kuma Iya ta koya mini abin da hakan ke nufi: in ana shiga ba a fitowa, akwai mai ci a ciki.