Tukunyar da Malam Ya Ji Tafsiri da Ita

Makon jiya na tsaya a layin masu tukwane a kasuwar Batsari, na ɗauki wata tukunyar miya na ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Ta amsa da siririyar ƙara mai tsawo, irin ta tukunyar da ta gasu sosai kuma babu tsaga a jikinta. Mai tukwanen ta ga na daɗe ina kara kunne, ta ce, "Malam, saye za ka yi ko gaisawa kuke?" Na yi dariya, amma hankalina ya riga ya koma gidanmu na ƙauye, can gefen Ruma, shekarar da kunnen kakana ya yi nauyi.

Malam muke ce masa, mu da 'ya'yansa da duk mutanen gari. Ya karantar da mutane a zaurenmu har idonsa ya gaza ganin baƙi. Bai damu sosai ba, don abin da ke cikin littattafan yana kansa. Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne tafsirin azumi da ake sakawa a rediyo bayan la'asar. Yana da 'yar rediyo mai rigar fata, sai ya manna ta a kunne ya kishingiɗa a buzunsa. A waccan shekarar azumi ya faɗo a farkon damina, gero ya fara tsiro, ƙasa tana ƙamshi. Ranar farko ya manna rediyon, ya juya ta ɗaya kunnen, ya murɗa har ƙarshe. Daga nan ya ajiye ta a hankali, ya ja carbinsa. Kwana uku yana haka.

Ina da shekara goma ko kusa da haka, kuma ni ne jikan da ke kwana a zauren, don haka komai a gabana aka yi.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne ɗan zamanin gidanmu. Ya taɓa zaman wata shida a Katsina, kuma tun daga nan yake saƙala biro a aljihun gaba. Ranar kasuwa ya dawo da sifikar tsohuwar mota, faɗinta kamar faifan rufe kwano, da wata takarda da wani mai gyaran rediyo ya zana masa. A jikinta akwai hoton akwati mai rami a gaba, da layukan boko a ƙasa. Ya shimfiɗa ta a tsakar gida ya danne gefunanta da duwatsu, maza suka kewaye.

Mahaifina ya ce shi a ganinsa a naɗe langa-langa kamar mazurari, irin lasifikar masallacin Juma'a, tunda ita har bayan gari ake jin ta. Baffa ya ce wannan ta kiran salla ce, ba ta ɗaki ba, in aka kafa wa Malam ita a kunne sai ta ƙarasa abin da ya rage. Ya buga yatsa a takardar ya ce ga abin da masana suka rubuta. Yana bin layukan da yatsa, leɓɓansa suna motsi. Babu wanda ya yi musu, don babu mai karatun boko a cikinmu.

Kaka, matar Malam, tana bakin murhu tana jin su. 'Yar gidan magina tukwane ce, ta tashi hannunta cikin yumɓu. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ku sa ta a bakin tukunya."

Baffa ya ce, "Inna, wannan ba dahuwa ba ce."

Ta ce, "To."

Kafinta ya ɗauki kwana biyar yana haɗa akwatin da katakon wani tsohon akwatin shayi. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Baffa ya shafa masa shuɗin fenti, ya jawo waya biyu daga cikin rediyon ya haɗa. Da aka kunna, awaki suka watse. Samarin unguwa suka cika ƙofar zaure suna jinjina wa Baffa. Ƙarar tana dukan ƙirji, katakon yana zuza kamar an rufe ƙudan zuma a ciki. Malam ya saurara har aka yi addu'ar rufewa, sannan ya ce, "Na ji ana ruwa a wani gari. Ban ji abin da aka ce ba."

A tsakar gida Baffa ya rage murya ya ce wa mahaifina an yi iya yi, kunnen ne ya tafi, sai haƙuri. Mahaifina ya gyaɗa kai. Azumi ya kai goma sha ɗaya a ranar. Har yau ina jin zafin yadda suka yanke wa tsohon hukunci yana zaune taku goma daga inda suke, sun san ba zai ji ba.

Kaka ta ji. Washegari da hantsi, maza suna gona, ta kira ni. Mai gida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Ta ce, "Mai gida, in kana son in ci gaba da zama da kai, ɗauko wuƙa ka kwance mini abin nan daga akwatin Baffanka." Na ce zai dake ni. Ta ce ita ta haife shi, ta ga ranar da zai fara.

Ta jera tukwane huɗu a zaure, randa da tulu da tukunyar tuwo da ta miya, duk busassu, don ta ce danshi zai ci takardar sifikar. Ta ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa. Ta tuwon ta amsa a dakushe, ta ture ta gefe ta ce tana da tsaga ko da ido bai gani ba. Bakin tulun ya yi ƙanƙanta. Saura biyu. Aka kunna rediyo, ana labarai, ni kuma ina ɗora sifikar a bakin wannan in ɗaga in ɗora a bakin waccan, Malam yana zaune ya karkato kai. A randa muryar mai labarai ta yi kauri kamar daga rijiya yake magana. Malam ya girgiza kai. A tukunyar miya ya ɗaga hannu ya ce in tsaya, ya ji an ce Kaduna, amma sauran maganar tana hawa kan juna.

Kaka ta shiga ɗaki ta fito da matashin kanta, ta farke shi. Audugar rimi ce a ciki, ta tsufa ta yi ruwan ƙasa. Ta dinga cusawa a tukunyar, ba ta danna ba, sakwa-sakwa, har ta kusa cika. Ta ce tukunyar da ba komai a cikinta mayar da magana take yi, sabuwa na fitowa tsohuwa ba ta gama fita ba. Sannan ta ɗora sifikar a bakin tukunyar, ta narka kakin zuma ta liƙe shi kewaye, ta bi da yatsa kada iska ta sami hanya. Ƙamshin kakin ya kwana biyu a zauren.

Da la'asar maza suka dawo. Baffa ya ga akwatinsa da rami a buɗe, ya ga tukunya a jingine kan gammo tana kallon Malam. Ya buɗe baki, Kaka ta dube shi, ya rufe. Aka fara tafsiri. Ƙarar ba ta kai rabin ta akwatin ba, samarin ma ba su tsaya ba. Malam bai motsa ba, idonsa a rufe. Mun ɗauka ya yi barci. Can sai ya ce, cikin fushi, "Mai jan baƙin nan sauri yake yi. Wa ya karantar da shi?"

Kaka ta tashi ta koma bakin murhu. A wannan daren a kan hannunta ta ɗora kai.

Malam ya ji tafsirin azumi huɗu da tukunyar nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Ta ci gaba da zama a zauren har shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu, muka taho Batsari da abin da hannu zai iya ɗauka. Kafin mu taso mun shekara biyu ba a kunna rediyo da ƙarfi a garin, ko tari mutum sai ya danne. Tukunyar ban san abin da ya same ta ba. Amma mahaifiyata ta rungumo gafakar Malam, kuma a cikinta na tarar da takardar Baffa, a ninke, ta yi laushi kamar tsumma.

Yanzu ina zuwa ajin manya, kwana uku a mako. Furfura ta fito mini kafin in iya rubuta sunana, kuma masu dariya sun yi sun gaji. Wata biyu da suka wuce na zauna da takardar nan ina haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya. Tsawo kaza, faɗi kaza. Layin ƙarshe ya ɗauke ni lokaci. Mai gyaran ya rubuta: a cika cikinsa da auduga, in ba haka ba zai yi ƙugi.

Ashe Baffa hoton kawai ya bi. Allah ya ji ƙansa, biron aljihu ne da shi, karatun babu, kuma ya gwammace a ce kunnen mahaifinsa ya mutu da ya ce a kai takardar wurin malamin firamare. Ban ƙi shi ba. Ni ma na yi shekaru ina karɓar takarda in yi kamar ina dubawa.

Yanzu kunnen mahaifiyata ne ya yi nauyi. Babban ɗana ya nuna mini zane-zanen akwatunan sauti iri-iri a wayarsa, da na kanti masu fitilu suna walƙiya, ya ce tukunya abin kunya ce a cikin gari, maƙwabta za su ce ƙauyanci ya biyo mu. Na ce su ce. An raba mu da gona da shanu, an koya mana magana ƙasa-ƙasa a gidan ubanmu, ba zan ƙara da jin kunyar abin da kakata ta sani ba. Na ce masa ba ƙara nake nema ba, so nake tsohuwa ta ji kalma.

Na sayi tukunyar. Audugar rimi ta yi wuya, sai da na aika Safana. Jiya bayan la'asar na jingina ta a gaban mahaifiyata, da sifika liƙe a bakinta, na kunna rediyo, na bar ƙofa a buɗe. Ta saurara, ta saurara, sannan ta ce wa jikokinta su yi mata shiru, ana magana.

Da na koma ɗaki na ɗauko takardar Baffa. A ƙasan layin mai gyara akwai ɗan fili. Na rubuta da hannuna, baƙaƙen suna karkacewa: tukunyar miya, a ƙwanƙwasa tukuna, in ji Kaka.