Malam Maiwada Mai Ruwa, Muryar Hausawan Shifa

Da an sallame sallar asuba, kafin abokan ɗakinsa su gama miƙa, Malam Maiwada ya riga ya ɗaure gwiwarsa ta hagu da bandeji ya sauko daga bene yana dafa bango. Ƙaramar motarsa ta ɗaukar kaya tana bayan wani shagon faci a unguwar Shifa, kudancin Riyadh. Daga nan sai wurin tace ruwa, a loda masa manyan robobin ruwan sha, ya shiga gari. Gida-gida, shago-shago, wani mai ruwan a hawa na uku yake, kuma da ƙafa ake hawa. Shekara ashirin da uku ke nan yana wannan aiki, tun gemunsa yana baƙi ƙirin har ya zama fari fat.

Wannan shi ne aikin da ke rubuce a igamarsa, wato katin zamansa a ƙasar. Ɗayan aikin, wanda ya sa ake wannan rubutu, ba wanda ya ɗauke shi, ba kuma wanda ya taɓa ba shi hutu a kansa.

Mai raba ruwa yana shiga ko'ina. A wurin masu gini zai ji wane ya faɗo ya karye. A shagon Gali mai tuwo zai ji matar wane ta haihu a gida Najeriya. Direban wani gida zai tsayar da shi ya ce kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, yana neman mai gadi, ko akwai wanda bai da aiki? Duk yana tarawa a ka. Ranar Juma'a da hantsi sai ya shiga mota, ya rufe gilasai saboda ƙarar titi, ya kashe fanka don kada ta shiga maganar, ya danna waya.

"Jama'ar Shifa, salamu alaikum. Maiwada ne."

Minti bakwai ko takwas, gumi na tsiyaya. Rasuwa yake farawa da ita, sai marasa lafiya da asibitin da suke, sai haihuwa da aure, sai wanda zai tafi gida ga mai son ba da saƙo. Idan Salla ta matso, shi ke faɗin inda za a taru, da wanda zai zo da kuka, da wanda zai zo da daddawa. Ya ƙare da labarin gida: ruwa ya sauka a Malumfashi, an fara shuka a Maraɗi. Akwai iyayen da ke kunna wa 'ya'yansu saƙon da gangan, yaran da aka haifa a nan, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, don dai su ji yadda dattijo ke jera Hausa. Kafin zuwan wayoyin nan, a tsaye yake yin wannan jawabi, a ƙofar shagon Gali bayan an sauko daga masallaci.

Kai ne ka sanar da auren 'ya'yan mutane fiye da yadda za ka iya tunawa, Malam. Amma auren Bilƙisu, 'yarka ta fari, a waya ka ji shi, kana tsaye a matakalar wani gida da robar ruwa a kafaɗa, domin hutunka bai zo daidai ba. Juma'ar da ta biyo ka saka shi cikin labarai, a layi ɗaya da na kowa, ba ka ƙara masa ko kalma ba.

Abin da mutanen Shifa ba za su manta ba ya faru ne wata Talata, a tsakiyar zafin bazara, shekara huɗu da suka wuce. Wajen ƙarfe goma na safe Idrisu, wani mai aikin fenti, ya kira shi yana kuka.

"Malam, Badamasi ya rasu. Mota ta buge shi yana tsallaka titi zai je aiki."

Badamasi birkila ne, mutumin Bakori, kowa ya san shi da barkwanci. Malam Maiwada ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya gan shi?"

"Daga asibiti aka kira ni da wayarsa. Lambata ce ta ƙarshe da ya kira. Suka ce mai wayar nan ya cika."

"Na ji. Amma wa ya gan shi da ido?"

"Haba Malam, wayarsa ce fa! Ka sanar kawai, mutane su shirya."

Ya ce ba zai sanar ba sai ya gani. Kafin azahar zancen ya zagaye unguwa ba da bakinsa ba. Wani ya rubuta ta'aziyya a zauren wayar da jama'a ke ciki, Malam Maiwada ya goge. Wani ya sake rubutawa, ya sake gogewa. Nan fa aka yi masa ca. Akwai wanda ya ce tsufa ya fara taɓa shi, akwai wanda ya ce ya mai da mutuwar mutane kayan gadonsa, sai shi kaɗai zai faɗa.

Sai ga kira daga Najeriya. Lailatu ce, matar Badamasi. Muryarta a dushe, ana jin koke-koken mata a bayanta.

"Baba, kowa yana faɗa, amma kai ba ka faɗa ba. Don Allah ka gaya mini gaskiya. Na fara takaba ne?"

"'Yata, ban gani ba. Ba zan ce miki yana raye ba, ba zan ce miki ya rasu ba. Ki ba ni zuwa la'asar."

Ya juya motar da sauran ruwan mutane a baya. Kafilinsa ya kira sau uku yana faɗa, masu ruwa sun dame shi da waya. Malam Maiwada ya ce masa da Larabcin titi, mutuwa ce, ya yi haƙuri, gobe. A asibitin aka yi ta tura shi daga wannan tebur zuwa wancan, je ka kawo takarda, jira mai sa hannu ya dawo daga salla. Gwiwar ta kumbura har ya riƙa jan ƙafa. Sai wajen ƙarfe uku aka shigar da shi ɗakin ajiye gawa, ma'aikacin ya janye mayafi.

Ba Badamasi ba ne.

Ya san fuskar. Abdou ne, wani matashi ɗan Nijar, mai yawan shiru, da bai fi wata biyar da tarewa a ɗakin su Badamasi ba. Daga asibitin Malam Maiwada ya wuce ɗakin kai tsaye, ya yi ta bugun ƙofa. Can sai ga Badamasi ya buɗe, lulluɓe da bargo cikin wannan zafi, zazzaɓi ya kwantar da shi tun jiya. Abdou ne ya ce zai je ya riƙe masa aikin yinin don kada a ba wani, ya karɓi wayarsa saboda tasa ta lalace. Badamasi bai san komai ba. Bai san an yi rabin yini ana kukan mutuwarsa a Bakori ba.

Malam Maiwada ya kira Lailatu ya miƙa masa wayar. Ihun da ta yi har a bakin ƙofa ana ji. Shi kuwa ya sauko ya zauna a mota, ya kifa kai a kan sitiyari. Gali, wanda ya iso a lokacin, ya leƙa ya ce, "Malam, ai sai godiya, ka ceci gida guda yau."

Ya ɗago ya dube shi. "Akwai wani gidan, Gali. Su ba su ma san su fara kuka ba."

Nan ne wahalar ta fara. Ba wanda ya san garin su Abdou. Abdou Ɗan Nijar, iyakar abin da aka sani ke nan. Takardunsa sun nuna ƙasa da babban gari, amma ba su nuna ƙauye ko lambar wani nasa ba, wayarsa kuma mai gyara ya ce ta mutu murus. Ba a binnewa sai da yardar dangi. Gawa tana kwance a sanyi, Malam Maiwada yana yawo a zafi. Ya je ofishin jakadancin Nijar ranar da ya samu sarari, aka karɓi bayani aka ce za a bincika. Ya bi wuraren cin abincin 'yan Nijar a tsohon gari wajen Al-Oud da hoton yaron a waya. Juma'a biyar a jere yana buɗe labarai da magana ɗaya: matashi ne dogo, yana da tabon ƙuna a bayan hannun dama, ya taɓa cewa garinsu kusa da tafki yake, a ƙasar Maraɗi. Duk wanda ya ji, ya tura gaba. Har wasu suka fara cewa ya isa haka, a bar wa hukuma.

A mako na shida wani ɗalibin jami'a mai suna Maulud, ɗan wajen Madarunfa, ya kira. An turo masa saƙon daga hannu na huɗu ko na biyar. Ya ce yana jin ya san gidan, ya ba da lambar yayan Abdou.

Kai ne ka yi wannan kiran, Malam, kamar yadda ka yi irinsa sau da yawa kafin nan. Waɗanda suka taɓa zama kusa da kai a irin lokacin sun ce ba ka gaggawa. Sai ka yi sallama, ka faɗi sunanka da inda kake, ka tambayi ko akwai babba a kusa. Ranar, bayan ka gaya wa yayan, sai ya ce tsohuwarsu tana son jin muryar wanda ya ga ɗanta. Ba ta yi kuka a wayar ba. Tambaya ɗaya ta yi maka.

"Ɗana, akwai wanda zai yi masa salla a can? Bai san kowa ba."

Ka ce mata akwai.

Da takardar yarda ta iso aka sa rana, Malam Maiwada ya yi saƙon da bai kai minti ɗaya ba. Ya ce yaron nan ya fita ne don ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, kuma shi Malam ya yi wa mahaifiyar yaron alkawari, kada a ba shi kunya. Bayan la'asar masallacin ya cika da Hausawa, masu gini da ƙurar siminti a wuya, direbobin da suka roƙi awa guda, ɗalibai da littattafai a hannu. Mafi yawansu ba su taɓa ganin Abdou ba. Badamasi ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Idrisu, wanda ya fi kowa zafi ranar Talatar nan, ya zo ya riƙe hannun Malam Maiwada. Da yamma Malam ya kira tsohuwar ya ce mata sahu bakwai aka yi, shi da kansa ya juya ya duba.

Tun daga lokacin ya sayi littafi mai bango mai kauri. Duk baƙon da ya sauka a Shifa, sai ya neme shi ya rubuta cikakken sunansa, da ƙauyensu, da lambar mutum biyu na gida. Wasu suna dariya, su ce Malam yana yi musu fatan mutuwa. Sai ya ce, "Rubuta dai. In Allah ya so, ɗaurin aurenka zan kira su in faɗa."

Yanzu ƙarfi ya ƙare. Likita ya ce gwiwar ba za ta ƙara ɗaukar bene ba, kafilin kuma ya sayar da motar. An buga masa takardar fita ta ƙarshe daga ƙasar, jirginsa ranar Alhamis mai zuwa. Jamilatu, matarsa, wadda ta yi shekara ashirin da uku tana ganinsa wata biyu a shekara biyu, ta ce ta gyara masa ɗakin ƙasa. A walimar da aka yi masa a shagon Gali an yi jawabai masu daɗi. Da aka ce ya yi magana, bai tashi ba, daga zaune ya ce, "Na gaji, jama'a. Wallahi na gaji. Ba ruwan ne ya gajiyar da ni ba, kiran nan ne. Amma dole wani ya riƙa yi." Ya ɗaga littafin ya tambayi wa zai karɓa. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kwanonsa.

Mun gode, Maiwada na Malumfashi, kunnen baƙi, mai kai nauyin da ba a so a ɗauka. Ka ji zagi ka haɗiye don kada mace ta yi takabar mai rai. Ka tsaya wa wanda bai da kowa har ya kwanta cikin mutane. Allah ya huta gajiyarka, ya sa ka tarar da iyali lafiya, ya ba ka shekarun da za ka zauna a ƙofar gida a riƙa kawo maka labari kai ma.

Mu kuma da muka rage, aikin ba ya neman ilimi mai zurfi ko Larabci mai kyau. Yana neman wanda zai tsaya ya tambaya, ya taka ya je, ya iya buɗe baki a lokacin da kowa ke gudun magana. Ko mutum uku ne su raba shi tsakaninsu, zai yiwu. Littafin yana shagon Gali, a kan shiryayye kusa da buhun garin masara, an sa shi a leda saboda maiƙo. Sunayenmu ne a ciki, da na iyayenmu. Har zuwa safiyar yau ba wanda ya zo ɗauka.