Bel Ɗin da Na Ce a Bari Sai Ya Tsinke

A lokacin ni bakanike ne a Kafanchan, na daɗe ina kwance injin ƙananan motocin fetur, kuma kaina ya kumbura. Akwai wani jinsin inji da nake gane shi tun daga ƙararsa. Masu duba lamba a jikin inji dariya nake musu, in ce su boko suka yi, ni kuwa baƙin mai ne ya raine ni. Abin da na sani game da injin shi ne, idan taimin bel ɗinsa, wato bel ɗin da ke daidaita motsin kayan cikin inji, ya tsinke ba ya ɓata komai a ciki. Saboda haka a garejinmu ba ma canja bel sai ya tsinke. Sabo muke jefa wa mai mota a but, duk inda ta tsaya kowane bakanike zai ɗaura masa.

Wani dattijo daga Kwoi, wanda ya koyar da ni a firamare, ya kawo mini motarsa injin ya mutu. Da ita yake kai matarsa asibiti a Jos, ciwon zuciya gare ta. Na je Kaduna na sayo masa injin Beljiyam, wato na hannu daga waje, irin nasa sak, na ɗora. Ya leƙa, ya ce bel ɗin kamar ya ji jiki, ko a canja. Na ce Baba ya bar mini aikina, yadda na bar masa alli. Ya yi dariya, ya ce ai ni ɗansa na fi shi sani. Na sa masa sabon bel a but ya tafi.

Ashe injin nan iri biyu ne, fuska ɗaya, girma ɗaya, bambancin yana ciki. Wanda aka yi daga baya ya fi ƙarfi, fistin ɗinsa yana tasowa sama sosai, idan bel ya tsinke sai ya daki bawul, ƙarafan da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya, ya lanƙwasa su. Harafi ɗaya ne ya raba su a lambar da ke jikin bulok, wato gangar injin, ni kuwa ko goge wurin ban yi ba.

Wata safiya da damina numfashin Mama ya sarƙe, suka kama hanyar Jos. Bayan Gidan Waya bel ya tsinke. Baba ya samo bakanike a mashin, aka ɗaura sabon, mota ta ƙi tashi. Ya buga mini waya, na ce su yi ta gwadawa, dole ta tashi, kada ya wahalar da Mama da neman wata mota. Maganata ya bi. Kafin su haƙura su tare bas, Mama ta cika a kujerar baya.

Bayan jana'iza aka jawo motar garejina. Na buɗe injin, na ga bawul a lanƙwashe, na kankare bulok na karanta lambar. Ban yi kuka ba. Na wanke hannu na ci abinci. Har yau ina jiran abin ya zo mini, bai zo ba, aiki kawai nake yi ina komawa gida.

Na gane cewa sabo da abu ba saninsa ba ne. 'Yan'uwana masu gyara, komai kamar da inji ya yi muku, ku goge ku karanta lambarsa, kuma idan mai mota ya nuna shakka ku saurare shi. Baba bai san laifina ne ba, cewa yake nufin Allah ne. Duk ƙarshen shekara yana aiko mini da citta daga gonarsa, ni kuma ina karɓa in ce na gode.